Doki da Damina

Duk wanda ya taɓa riƙon doki ya san babu lokacin da ya fi ba shi wahala kamar damina. Ɗanyar ciyawa ta samu, doki ya ƙoshi, jikinsa ya yi sheƙi, ƙarfi ya yi masa yawa. Sai ka gan shi yana tonon ƙasa a gindin turke, yana haniniya, so ya ke a fita da shi ya miƙe ƙafa. Amma ƙasar da zai taka ta jiƙe. Filin da aka yi ta sukuwa a kansa da rani ba ko tuntuɓe, yanzu wani gefe ya zama taɓo, wani gefe santsi, wani kuwa ciyawa ta rufe ramukan da ke cikinsa. In an bar doki ɗaure kwana da kwanaki sai ya yi taurin kai, ƙafafunsa su kumbura, wani lokaci ma ciwon ciki ya kama shi. In kuwa aka sake masa linzami a mugun wuri, ko ya gurɗe, ko ya karye, ko ya ka da mahayinsa. Doki kuwa in ƙashin ƙafarsa ya karye, da wuya ya sake moruwa.

Wannan damuwa ba yau aka fara ta ba. Tun sa'ad da doki ya zama abin hawan sarakuna da mayaƙa a ƙasar Hausa a ke fama da ita. Ita ce ta koya wa mutanen da sanin ƙasa, har su kan hangi wuri daga nesa su faɗi ko zai ɗauki kofato ko ba zai ɗauka ba. Ita ce kuma ta yanka wa sarakuna lokacin fita yaƙi da lokacin zama gida.

Ruwa da irin ƙasa

A yawancin ƙasar Hausa ruwa ya kan sauka cikin watan Mayu ko Yuni, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Ƙarfinsa cikin Agusta ne, lokacin marka, sa'ad da a kan kwana a wuni ana zubawa. Wajen Kano a kan sami kamar inci 30 zuwa 35 a shekara, wajen Zariya fiye da inci 40, wajen Sakkwato kuwa bai cika kai inci 30 ba. Amma mai doki ya fi kula da irin ƙasar da ruwan ya zuba a kanta, gama ruwa ɗaya ne zai sauka a wurare biyu, wani ya gyaru, wani ya ɓaci.

Ta fari ita ce jigawa, watau tudu mai rairayi. Ruwa na sauka ta shanye shi. In an yi ruwa da dare, kafin hantsi ya dubi ludayi ta tsane. Rairayi ma ya fi daɗin takawa bayan ruwa, don ruwan ya kan danne shi ya yi ƙarfi. Da rani ne ƙafa ta kan nutse cikinsa ta gajiyar da jijiya. Irin wannan ƙasa ta yi yawa a arewacin Kano da Katsina da Daura da Gumel, har zuwa Damagaram. Jihar Jigawa da aka kafa a 1991 daga gare ta ta sami suna.

Sai jan gargari, watau jar ƙasa mai ɗan yumɓu. Ita ta kan riƙe ruwa kwana ɗaya ko biyu, samanta ya yi santsi alhali ƙarƙashinta da tauri. Sai faƙo, ƙasa mai tauri wadda ba ta tsiro. Ruwa ba ya shigarta, sai dai ya kwanta a kai, ta yi sulɓi kamar an shafa mata mai. Ta ƙarshe, wadda ta fi duka haɗari, ita ce baƙar laka ta fadama, mai danƙo, wadda manoma su ke kira daɓaro. Ita kama kofato ta ke yi ta riƙe. Doki na cikin gudu sai ƙafa ta nutse, jiki ya wuce gaba, ƙafar ta tsaya baya. Nan jijiya ke tsinkewa, nan ƙashi ke karyewa.

A tuna kuma dawakin ƙasar Hausa ba a saba yi musu takalmin ƙarfe ba. Da damina kofato ya kan jiƙa ya yi laushi, saboda haka tsakuwa da marmara su kan cinye shi da sauri. In kuma doki ya daɗe tsaye cikin jiƙaƙƙen kashinsa, cikin kofaton ya kan ruɓe ya yi wari, doki ya kama ɗingishi.

Abin da ya sa yaƙi ya zama aikin rani

Littafin Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda a ke lissafin zamaninsa daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke a ƙasar Hausa. Tun daga nan ƙarfin sarki ya koma ga yawan dawakinsa. Manyan sarautu da yawa daga doki suka samo asali: Madawaki da Sarkin Dawaki da Barde, da Shamaki wanda asalin aikinsa kula da bargar sarki, da Sarkin Zagi mai tafiya gaban dokinsa.

To, wannan ƙarfi duka damina ta kan ɗaure shi. Lifidi auduga ce aka cusa cikin tufa aka ɗinke, a sa wa doki a sa wa mahayi. A bushe ma da nauyi ya ke, balle ya sha ruwa. Ɗan lifidi in ya faɗi cikin taɓo ba ya iya tashi sai an ɗaga shi. Tsarkiyar baka ta fata ta kan saki in ta jiƙa, albarushi kuwa ba ya kama wuta. Gulabe sun kawo, mashigai sun ɓace, sai masu fito su ƙetarar da mutane da manyan goruna, dawaki na iyo ana riƙe da ragama. Banda wannan kuma, yawancin dakaru manoma ne. In sarki ya kwashe su lokacin noma, wa zai cika rumbu? Doki kansa dawa ya ke ci da dusa da kanwa, dawa kuwa a tsakiyar damina ta ke ƙaranci.

Ga kuma cuta. Ƙudan tsando, wanda ke kawo sammore, da rani ya kan tsaya cikin kurmi da bakin rafi, amma da damina ya kan bazu. A 1895 ne wani likitan soja Bature ya tabbatar, can a ƙasar Zulu ta Afirka ta Kudu, cewa cizon wannan ƙuda ne ke sa ƙwayar cutar cikin jinin dabba. Masu dawakinmu ba su san ƙwayar ba, amma sun san dokin da ya yi damina a kudu ya kan rame ya mutu. Tarihin Kano ya ce Kanajeji ya riƙa aika wa Kwararrafa dawaki, su kuwa suna aiko masa da bayi. Ciniki irin wannan ya daɗe yana gudana tsakanin arewa da kudu, don dawakin da aka kai can ba su daɗewa, kullum ana bukatar waɗansu.

Saboda waɗannan dalilai sai shekara ta rabu biyu. Da damina a yi noma, a yi kiwon doki. In kaka ta yi, an yanke gero da dawa, ƙasa ta fara bushewa, sai a buga tambura.

Ko Jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba su kuɓuta daga wannan ƙa'ida ba. Yaƙinsu na fari mai girma, na Tabkin Kwatto, an yi shi cikin watan Yuni na 1804, farkon damina. Dawakinsu a ran nan ba su wuce kamar ashirin ba, yawancinsu 'yan baka ne a ƙasa, amma suka kori rundunar Sarkin Gobir Yunfa da 'yan lifidinta. Da daula ta kafu, dawaki suka yi yawa, sai su ma suka koma bin lokaci. Kowace shekara bayan kaka a ke tara runduna don fita Gobir ko Kabi ko Zamfara. Baturen nan Kyaftin Kilafatan ya tarad da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da rundunarsa cikin Oktoba na 1826, ruwa na ɗaukewa ke nan, za su kai wa garin Konya na Gobirawa yaƙi. Babban yaƙin Gawakuke na 1836 kuwa da rani aka yi shi.

Garuruwan da ruwa ya tsare

Akwai garuruwan da ganuwa ba ta tsare su kamar yadda fadama ta tsare su ba. Argungu ita ce babban misali. Tana bakin fadamar Gulbin Kabi, wadda ta ke cika da ruwa da damina, ta daɗe ba ta bushe ba bayan ruwa ya ɗauke. Tun daga tawayen Yakubu Nabame a 1849 Kabawa suka yi ta fafatawa da Sakkwato da Gwandu, aka yi ta kai musu yaƙi, amma Argungu ba ta ciwu ba har zuwan Turawa. Jaruntakar Kabawa ba abin musu ba ce. Duk da haka su sun san inda fadama ke ɗaukar doki da inda ta ke haɗiye shi, baƙo kuwa bai sani ba. Haka nan Haɗejiya, wadda fadamar gulbinta ta ke malala cikin Agusta da Satumba.

A Barno, kudu da Tafkin Cadi, wajen Dikwa da Ngala, akwai baƙar ƙasa shimfiɗaɗɗiya da a ke kira firki. Da damina ko mutum a ƙasa da ƙyar ya ke ratsa ta, balle doki. Da rani kuma ta kan tsattsage, ƙafar doki ta iya faɗawa cikin tsagar. Duk mai son tafiya da dawaki a wannan yanki dole ya san watan da zai bi.

Can kudu kuwa kurmi da tsando su ne iyaka. Dawakin Ilori sun yi ta cin garuruwan Yarbawa na fili, amma wajen 1840, a Oshogbo, bakin kurmi, mutanen Ibadan suka faɗa musu da dare, lokacin da doki ba shi da amfani, suka watsa su. Daga nan ci gaban dawakin arewa wajen kudu ya tsaya.

Turawa ne suka karya wannan tsari na lokaci. Gaskiya ne Kano da rani suka ci ta, ran 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato kuma ran 15 ga Maris. Amma yaƙin ƙarshe na Burmi, kusa da Gongola, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu, ran 27 ga Yuli aka yi shi, tsakiyar damina. Sojansu yawanci a ƙasa su ke, harsashinsu kuwa ruwa ba ya hana shi tashi. Daga wannan shekara doki ya sauka daga zama makamin yaƙi, ya zama abin tafiya da ado da wasa.

Ina a ke kilisa?

Mu koma ga dokin da muka bari a turke. Ko zamanin yaƙi, watanni huɗu ko biyar na damina ba a iya barinsa a ɗaure. Dokin da bai motsa ba tun Yuni ba zai iya tafiyar kwana goma ba cikin Nuwamba. Don haka ne a ke fita kilisa, watau a hau doki da safe ko da la'asar a zaga da shi, a yi tafiya, a yi sassarfa, in an sami wuri mai kyau a ɗan sake masa ya yi gudu na tsaka-tsaki wanda bai kai cikakkiyar sukuwa ba.

Ga inda wuyar ta ke. Ƙasar da ta fi dacewa da kofato, watau jigawa, ita ce kuma ƙasar gero da gyaɗa da wake. Da rani gonaki fili ne, kowa ya bi ta inda ya ga dama. Da shuka ta tsiro sai fili ya ƙare. Mahayin da ya sake doki cikin gonar talaka ya tattake abincin shekara. Malaman fiƙihu na mazhabar Maliki sun bayyana cewa abin da dabba ta tattake, lamuninsa yana kan wanda ke bisanta, ko mai janta, ko mai korarta. Ba kullum talaka ke samun hakkinsa ba in mai dokin yaron babban mutum ne, wannan kowa ya sani. Amma hukuncin yana nan, kuma sarkin da ya san ciwon kansa ba ya son a ce barorinsa ne ke ɓata gonaki, gama daga gonakin nan dawar barga ke fitowa.

Saboda haka wuraren kilisa na damina ƙidayayyu ne, kowane gari an san nasa. Akwai filin ƙofar fada, irin na Ƙofar Kudu a Kano da Kangiwa a Katsina, da dandal na garuruwan Barno, wuraren da ƙafa ta daddaɓe shekara da shekaru. Akwai filin Idi a bayan gari, wanda a kan zaɓa masa tudu don kada ruwa ya kwanta, ba a kuwa noma shi. Akwai burtali, hanyar shanu mai faɗi da ke ratsa tsakanin gonaki, da shinge dama da hagu. Akwai makiyaya da hurumin gari da aka keɓe wa dabbobi. Akwai kuma manyan gwadabe masu fita daga ƙofofin birni, inda suka bi ta kan rairayi. Yaran barga su suka fi kowa sanin waɗannan wurare, sun san wanda ke tsanewa da wuri da wanda sai ya kwana biyu.

Yadda a ke gane wuri

Sanin nan ba a rubuta shi a littafi ba, yaro ya kan ɗauke shi ne daga bin manya. Ga kaɗan daga cikinsa.

Da fari a dubi itatuwa da ciyawa. Inda sabara ta yi yawa, rairayi ne, ruwa ba ya kwanciya. Inda aka ga giyayya ko bagaruwa sun taru, ko kacala da bado, laka ce, ko da samanta ya yi kamar ya bushe. Wurin da ciyawa ta fi ta kewaye kore da tsawo, akwai ruwa a ƙarƙashi.

Na biyu a dubi sawun shanun da suka wuce da safe. In sawun ya yi zurfi, ruwa ya taru cikinsa, wurin ba na gudu ba ne. In an ga inda ƙafar saniya ta zame ta ja layi, santsi ke nan. In kuwa sawun ya fito sarai, bai nutse ba, bai zame ba, ƙasa ta yi daidai.

Na uku, ba a gudu a wurin da ba a taka shi da tafiya ba. Mahayi ya kan bi filin sannu tukuna, yana duban ƙasa, yana jin yadda kofato ke sauka, sa'an nan ya juyo ya yi gudu a kan sawunsa. Dalili shi ne ciyawar damina ta kan ɓoye ramin gafiya da na kurege da na dabgi, da kututture, da tsohon suri wanda ruwa ya cinye cikinsa. Kusa da tsofaffin garuruwa kuma akwai rijiyoyin da aka bari, da ramukan marina, da bakin kududdufi mai zabtarewa. Ko wurin da aka sani jiya, in an yi ruwa mai ƙarfi da dare, sai an sake duba shi, don zaizaya ta kan buɗe rami cikin dare ɗaya.

Na huɗu, a kiyayi yashin ƙorama. Da rani babu wurin da ya fi shi laushi. Da damina kuwa yana da haɗari biyu: wani wuri ya kan yi ruwa a ƙarƙashi ya haɗiye ƙafa, kuma ruwan da aka yi can nesa ya kan taho ba zato, alhali inda ka ke ko ɗigo ba a yi ba.

Na biyar, in za a sake doki, a sake shi wajen hawa, kada wajen gangara, a kuma tafi miƙe. Juyi na gaggawa da zamiya, irin wadda a ke yi gaban sarki ran salla, ba na jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ne. In hadari ya haɗo ana walƙiya, a koma gida, gama mutum bisa doki a tsakiyar fili shi ne abu mafi tsawo a wurin.

In an komo a wanke ƙafafun doki, a ƙwaƙule lakar da ta cushe cikin kofato, a shafa jijiyoyi a ji ko akwai zafi ko kumburi. A zuba busasshen rairayi a gindin turke, a kwashe jiƙaƙƙe. Da magariba a hura hayaƙi a barga. Mutanen da don sauro da ƙuda su ke yi, likitocin dabbobi kuwa sun gano akwai waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu cizo da magariba da asuba, masu haihuwa cikin damshi, su ke yaɗa wata muguwar cutar dawaki wadda ke kashe su cikin 'yan kwanaki. Ashe hayaƙin nan ya fi yadda a ke zato amfani.

Zamanin En'e

Da yaƙi ya ƙare, hawan damina bai ƙare ba, ƙaruwa ma ya yi. Tun farkon zamanin Turawa aka fitar da hakimai daga birane, kowa ya zauna a ƙasarsa, aka ɗora musu rangadi. Haraji bayan kaka a ke tara shi, amma jangali da damina a ke ƙirga shi, lokacin da Fulani suka komo arewa da shanunsu. Watau dai hakimi da malamin jangali da dogari sai sun bi ruga ruga a daidai watannin da mayaƙan da su ke zaune gida. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, motoci kuma suka biyo baya, amma hanyoyi da yawa na rani ne kaɗai. Waɗanda aka zuba wa burji ma a kan gicciya musu sanda bayan ruwa, a tsai da manyan motoci har hanya ta tsane. Shekaru da yawa doki ne kaɗai ke kai ma'aikaci ƙauyen da ke bayan fadama cikin Agusta, ma'aikacin kuwa bai san hanya ba sai dagaci ya haɗa shi da ɗan jagora. Haka aka yi ta yi har hanyoyin kwalta suka yawaita, aka kuma rushe tsarin En'e da gyaran ƙananan hukumomi na 1976.

A wannan zamani ne kuma aka fara gyara fili musamman domin doki. Aka yi filayen sukuwa a Kano da Kaduna da waɗansu manyan garuruwa, aka yi filayen ƙwallon doki. A kan share wuri a daidaita shi, a cike ramuka, a yi masa magudana, a bar ƙiri-ƙiri ta rufe shi, don saiwarta ta kan ɗaure ƙasa ta hana ta zama taɓo. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya ɗaukaka ƙwallon doki a Katsina, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuwa ya yi suna a wasan har ƙasashen waje. An kuma kafa wurin binciken cututtukan dabbobi a Vom a 1924, masu dawaki suka sami inda za su nemi taimako banda saƙe-saƙi.

Salla cikin marka

In mutane ne ke zaɓen rana, rani su ke zaɓa. Babban hawan da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna cikin Fabrairu aka yi shi, a 1956. Na bikin al'adun baƙar fata na 1977 shi ma cikin Fabrairu. Amma ranar salla ba a zaɓenta. Shekarar Musulunci ta gaza ta Turawa da kamar kwana 11, saboda haka salla ta kan zaga dukan lokatai cikin kamar shekara 33. Babbar Salla ta faɗo cikin Agusta a 1953, ta sake faɗowa cikinsa a 1986, da kuma 2019. Kowane tsara sai ya gamu da shekarun da za a yi hawa cikin ruwa.

A irin waɗannan shekaru ne a ke gane wanda ya yi kilisa da wanda bai yi ba. Dokin da aka bari ɗaure wata biyu, aka ɗora masa kaya masu nauyi ran salla, aka shiga da shi cikin taro da kiɗa da harbin bindiga, ba abin da zai hana shi tayar da hankali. Ga shi kuwa yanzu yawancin hanyar hawa kwalta ce, wadda in ta jiƙa ta fi faƙo santsi, ta kuma fi shi tauri in an faɗi. Wanda zai ji ciwo ba mahayi kaɗai ba ne, har da yaran da ke tsaye bakin hanya suna kallo.

Cikin Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Abin farin ciki ne. Amma hawa na kwana uku ne ko huɗu, doki kuwa yana bukatar fili dukan shekara. Birane sun faɗaɗa sun cinye gonakin da ke kewaye da su. Burtali da yawa an noma su ko an gina gidaje a kai, abin da ya jawo rigima tsakanin manoma da makiyaya, ya kuma bar mai doki ba inda zai bi. Makiyaya da hurumi sun ragu. Yaron da ke riƙon doki a birni yau sau da yawa ba shi da wurin kilisa sai gefen titi, tsakanin motoci da babura.

Don haka, mai karatu, in a garinku akwai sauran filin Idi, ko burtali, ko wani tudu mai rairayi da aka saba kilisa a kansa, ku yi magana a bar shi, ku gaya wa mai unguwa da dagaci da hakimi amfaninsa tun ba a yanka shi fuloti ba. In kuma akwai sauran dattijon da ya yi aikin barga, ku tura yara su bi shi bayan ruwa, ya nuna musu sabara da giyayya da sawun shanu. Wanda kuwa ya fita da doki ya rasa wuri mai kyau, ya yi haƙuri da tafiya da sassarfa ya komo gida, gobe ma rana ce. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyaye mahayi da abin hawansa, amin.